Kayan waje sun rufe masana'antarmu: gwamnatin Amurka za ta biya mu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Shekarata 52, ina zaune a jihar Arewacin Karolina da katin zama na dindindin. Shekara 11 ke nan ina kan keken ɗinki a wani kamfanin riguna mai ma'aikata kusan 140. An tara mu aka ce nan da mako uku za a rufe, wai masu sarin kayanmu sun koma sayo na Bangaladash da Biyetnam. An raba mana takarda, duk wanda ya sa hannu cikin kwana bakwai za a ba shi dala 1,500. Wata da ta riga mu aiki ta ce kada in damu, akwai kuɗin da gwamnati ke biyan wanda kayan waje suka raba da aikinsa, har makaranta ake kai shi. Haka ne? In sa hannu?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya musanya miki da mafi alheri. Kafin komai, ajiye takardar nan tukuna, kada ki sa hannu.

Abokiyar aikinki ba ƙarya ta yi ba, labarin ne ya tsufa a hannunta. Shirin da take nufi shi ne TAA, wato tallafin gwamnatin tarayya ga ma'aikatan da shigowar kayan waje ta raba da aiki, wanda aka kafa a 1962 zamanin Shugaba Kennedy, aka faɗaɗa shi da dokar kasuwanci ta 1974. Dalilinsa a bayyane yake: gwamnati ce ta buɗe ƙofa kaya suka shigo, don haka ita za ta ɗauki wani kaso na asarar wanda abin ya faɗa wa. Masu ɗinki da masaƙa na cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa, musamman bayan yarjejeniyar ciniki ta NAFTA tsakanin Amurka, Kanada da Meksiko a 1994, da shigar Sin ƙungiyar kasuwanci ta duniya a 2001, da kuma cire iyakar adadin tufafin da ake shigowa da su a farkon 2005. Masu aikin ɗinkin tufafi a Amurka sun haura dubu 900 a 1990, yau ba su kai dubu 100 ba. Wanda aka amince da shi a shirin yakan samu kuɗin koyon sabuwar sana'a, da alawus na mako-mako bayan kuɗin rashin aikinsa ya ƙare. Wanda ya kai shekara 50 kamarki kuma, in ya kama aiki mai ƙarancin albashi, a cike masa rabin giɓin har dala 10,000 cikin shekara biyu.

Sai dai wa'adin dokar ya ƙare. Tun 1 ga Yulin 2022 Ma'aikatar Ƙwadago ba ta da ikon amincewa da sabuwar buƙata har sai Majalisa ta sabunta shirin. Waɗanda suka rage a ciki su ne waɗanda aka amince da kamfaninsu kuma aikinsu ya taɓu kafin wannan ranar. Ke sallamarki ta yanzu ce. Ki tambaya a ofishin samar da aiki ko an farfaɗo da shi, tambaya kyauta ce, amma kada ki ɗora lissafin hayar gida a kansa.

Inda nake ganin haƙƙinki ya fi ƙarfi shi ne dokar WARN ta 1988. Ta wajabta wa kamfanin da ke da ma'aikata 100 ko fiye ya ba da sanarwa a rubuce kwana 60 kafin ya rufe wurin da mutum 50 ko fiye za su rasa aiki. Ku an ba ku kwana 21, saura 39. Idan kamfanin ya karya doka, zai biya albashi da sauran haƙƙoƙi na wannan tsakanin, kuma yawancin kotuna ranakun aiki suke ƙirgawa, wato wajen mako biyar da rabi. Ɗauki albashinki na mako ki ninka, ki ajiye kusa da dala 1,500, za ki ga dalilin da ya sa ake gaggauta ku. Irin wannan takarda kusan kullum tana ɗauke da layin da ke cewa kin yafe duk wata ƙara da za ki iya kai kamfanin.

Ba zan ɓoye miki inda maganar ke da rauni ba. A wajen ƙirga mutum 100 ɗin ba a sa wanda ke aiki ƙasa da awa 20 a mako, ko wanda bai cika wata shida ba cikin shekarar da ta wuce, don haka 140 na iya zubewa ƙasa, sai dai in jimillar awannin aikinku duka ta kai 4,000 a mako, to nan ma dokar ta hau kan kamfanin. Kuma doka ta ba kamfani uzuri idan abin ya zo masa ba zato. Lauyansu zai ce babban mai saye ne ya janye kwatsam. Idan kuwa oda ta daɗe tana raguwa, ana rage muku awanni, ana kwashe kekuna, to zai yi musu wuya su ce ba su gani ba. Ki rubuta duk abin da kika tuna da kwanan watansa tun yanzu. Ma'aikatar Ƙwadago ba ta ƙwato wa kowa wannan kuɗin, a kotun tarayya ake nemansa, shi ya sa gara ku haɗu ku je wurin lauyan ƙwadago a ƙungiyance. Da yawansu ba sa karɓar komai sai an ci shari'a.

Shekarunki ma sun ba ki dama. Idan takardar ta ƙunshi yafe ƙarar nuna bambanci saboda shekaru, doka ta ce wanda ya kai 40, in sallamar ta jama'a ce, a ba shi kwana 45 ya yi tunani, da kwana bakwai bayan sa hannu da zai iya janyewa. Kwana bakwai ɗin da aka ba ku bai cika sharaɗi ba. Amma kada wannan ya sa ki saki jiki: wancan sashen kaɗai zai lalace, yafewar kuɗin sanarwa na iya tsayawa daram. Ki nemi ƙarin lokaci a rubuce. Albashin da kika riga kika yi wa aiki kuwa naki ne ko kin sa hannu ko ba ki sa ba, kuma a jiharku dole a biya shi zuwa ranar albashi ta gaba.

Kuɗin rashin aiki ki nema a makon da aiki ya tsaya, kada ki jira a gama maganar takarda. Katin zamanki ya ba ki dama, kuma wannan ba sadaka ba ce, inshora ce da kamfani ke zuba wa haraji saboda ku. Abin da ba daɗi shi ne jiharku na cikin masu ƙarancin makonni: tsakanin 12 da 20 gwargwadon yanayin rashin aiki, alhali yawancin jihohi 26 suke bayarwa. Ki bayyana duk kuɗin sallamar da aka ba ki. In aka ƙi ki, ranar ƙarshe ta ɗaukaka ƙara na jikin wasiƙar, kada ki bari ta wuce.

Maganar makaranta ba ta mutu gaba ɗaya ba. Dokar WIOA ta 2014 ta ware kuɗin horar da waɗanda rufe kamfani ya raba da aiki, ko kayan waje ne sanadi ko wani abu. A jiharku cibiyoyin NCWorks ke kula da shi. Bai kai TAA kauri ba, kuma kuɗin kan ƙare, don haka ki je da wuri da takardar sallamarki.

Saura inshorar lafiya. Dokar COBRA na barin mutum ya ci gaba da ta kamfani har wata 18 daga aljihunsa, amma in kamfanin ya rushe tsarin inshorar gaba ɗaya babu abin da za a ci gaba da shi. Kina da kwana 60 daga ranar da ta yanke ki shiga ta kasuwar inshora ta gwamnati. Idan kuma kika ji kamfanin ya kai kansa kotu a kan ya karye, kawo min takardar kotun da takardun albashinki na wata shida, domin albashin ma'aikata na kwana 180 na ƙarshe, har zuwa wani adadi da doka ta ƙayyade, yana gaban bashin yawancin masu bin kamfani da ba su riƙe jingina ba, amma sai an shigar da buƙata kafin ranar da kotu ta yanke.