INCLUDE a fihirisa: yaushe yake taimako, yaushe yake zama kaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da rumbun bayanai na PostgreSQL, muna da teburin ciniki mai miliyoyin layuka. Na sa fihirisa (index) a kan lambar kwastoma, amma shafin da ke nuna wa mutum ranar cinikinsa da kuɗin da ya biya har yanzu yana jan ƙafa. Wani abokin aikina ya ce in gwada INCLUDE. Mene ne bambancinsa da in cusa ginshiƙin a cikin makullin fihirisar kai tsaye?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin aikinka ya hango inda gizo ke saƙar.

Ka ɗauki mai shago da littafin bashinsa. A farkon littafin ya jera sunaye, kowane suna da lambar shafinsa. In ka tambaye shi nawa ake bin wane, sai ya nemo sunan, sannan ya buɗe shafin. Haka fihirisarka take: tana riƙe da lambar kwastoma a jere, da adireshin layin. Kwastoma mai ciniki hamsin yana iya jawo tafiya hamsin zuwa tebur, domin layukansa a warwatse suke cikin shafuka masu girman kilobayit 8. A nan lokacinka yake ƙonewa. Da mai shagon ya rubuta kuɗin a gefen sunan, da bai buɗe ko'ina ba. Aikin INCLUDE ke nan:

CREATE INDEX ON ciniki (lambar_kwastoma, rana) INCLUDE (kudi);

SQL Server ya zo da wannan tun fitowar 2005, PostgreSQL kuwa sai a fitowa ta 11, a 2018. MySQL ba shi da shi. Masu amfani da shi sai dai su ƙara ginshiƙin a wutsiyar makulli.

Bambancin da ka tambaya shi ne tsari. Abin da ke cikin makulli jere shi ake yi, da shi ake gano hanya a cikin fihirisar. Abin da ke cikin INCLUDE ɗan rakiya ne, yana zaune a matakin ƙasa kawai, ba a jera shi, ba a neman hanya da shi. Saboda haka duk ginshiƙin da kake tacewa da shi a WHERE ko kake jerawa da ORDER BY, makulli ne wurinsa. Shi ya sa na sa rana a can. Wanda kawai kake so a nuna, kamar kuɗi, ya tafi INCLUDE.

Gaskiya, ga ƙaramin ginshiƙi na lamba, ko a wutsiyar makulli ka sa shi, saurin kusan ɗaya ne. Inda INCLUDE ba shi da madadi shi ne fihirisar UNIQUE. In kana son kada imel ya maimaitu, kuma kana son suna ya zo tare da shi, sa suna a makulli ɓarna ce: imel ɗaya zai iya shiga sau biyu muddin sunayen sun bambanta.

Yanzu ga tarkon da ke kama mutanen PostgreSQL. Fihirisa ba ta san ko an goge layi ko an sauya shi ba, wannan labarin yana cikin tebur. Injin yana duba wata ƴar taswira da ke nuna shafukan da kowa ke ganin layukansu daidai, kuma VACUUM, umarnin da ke share matattun layuka daga tebur, shi ne ke sabunta ta. Shafin da aka taɓa bayan VACUUM na ƙarshe, dole a je masa, ko da INCLUDE ko babu. Don haka ka gudanar da EXPLAIN ANALYZE a kan umarninka, zai nuna maka hanyar da injin ya bi. Kana son ganin Index Only Scan, wato karatu daga fihirisa kaɗai, sannan ka dubi Heap Fetches, wato sau nawa aka koma tebur. In lambar tana da yawa, matsalarka ta shara ce, ka matsa wa autovacuum, wato VACUUM mai gudana da kansa, ya riƙa zagayo teburin da wuri. In kuma SELECT * manhajarku take aikawa, wato tana neman dukkan ginshiƙai, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin ginshiƙi ɗaya da babu a fihirisa ya isa ya mayar da kai tebur.

Kuma kada daɗi ya kwashe ka. Kowane ginshiƙi da ka ƙara yana kumbura fihirisar, kuma duk sanda aka sauya ƙimarsa PostgreSQL ba zai iya yin gyaran nan mai sauƙi da ake kira HOT ba, sai ya rubuta sabon shigarwa a dukkan fihirisoshin teburin. Ginshiƙi irin matsayin oda, mai sauyawa daga "ana jira" zuwa "an biya" zuwa "an kai", ni ba zan sa shi ba. Dogon rubutu ma haka: shigarwa ɗaya a fihirisar B-tree, irin wadda muka gina a sama, ba ta wuce kusan bayit 2,700, wadda ta zarce sai INSERT ɗin ya ƙi shiga gaba ɗaya.

Ka gina sabuwar da CREATE INDEX CONCURRENTLY don kada ka tsayar da masu ciniki, ka auna, sannan ka goge tsohuwar ta lambar kwastoma kaɗai, domin sabuwar ta riga ta ɗauke mata aiki.