Me zan shuka a ƙarƙashin manyan bishiyoyin gidana?

Hajiya, kin ce mangwaro da darbejiya sun rufe bayan gidanki a Kaduna, tumatir da tattasai sun ƙi yi, har kina tunanin sare su ki sake tsarin lambun. Don Allah kar ki sare. Tumatir yana son rana ta kai awa 6 a wuni, ba zai samu a nan ba ko taki nawa kika zuba.

Ki fara lura da inda rana ke sauka da hantsi da kuma la'asar. Gefen da ya fi haske ki bar wa kayan miya. Cikin inuwar kuwa citta, kurkum da gwaza ne za su ji daɗi, na'a-na'a kuma a tukunya, don in ta samu ƙasa sai ta mamaye ko'ina. Citta dai ba baƙuwarku ba ce, Kachia da ta shahara wajen nomanta na nan kusa. Ki binne gutsuren da ke da ido a farkon damina, bayan wata 8 zuwa 9 ki tona.

Saiwar bishiya ita ce babbar matsala, ta fi inuwar ma: ita ke shanye ruwa da taki. Ki ja baya daga gindi, ki yi kunya da takin gargajiya, kada ki tara ƙasa a jikin kututture, yana ruɓar da ɓawo. Rassan ƙasa a rage su da rani. Busasshen ganyen mangwaro ki shimfiɗa a kan kunyar, sai dai ki riƙa ɗagawa kina duba gara.