Amsa ga Malama: iyaye da karatun yara a lokacin sanyi

Malama, kin tambaya yadda za ki riƙa sanar da iyayen 'yan ajinki na nazire abin da ake ciki, da abin da za su yi da yaran a gida idan sanyi ko mura ya hana su zuwa.

A ganina, saƙo ɗaya gajere a mako ya wadatar, kuma a rana guda da kowa ya sani. Ki faɗi abin da aka koya, ki ba da aiki ɗaya tak. Wanda karatu ke masa wuya a cikin iyayen, ki tura masa saƙon murya.

Aikin kuwa kada ya zama cika takarda. Yaro ɗan shekara 3 ko 4 da wasa yake koyo: ya ƙirga cokula, ya ware safa launi-launi, ya ɓalla maɓallin rigar sanyinsa da kansa, wanda ke ƙarfafa yatsun da zai riƙe fensir da su. A karanta masa labari, a tsaya a tambaye shi, "Me kake gani zai faru?" Minti 10 ma ya isa.

Abin da ya fi damuna shi ne waya, domin zaman ɗaki na jawo ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kallon allon waya ko talabijin kada ya wuce awa 1 a rana ga masu wannan shekaru, motsa jiki kuma ya kai minti 180. Ko a cikin ɗaki, a bar su su yi tsalle.