Kar ka yi saurin cewa ganyen ne ya kashe funfunar

Ka ce ka jiƙa garin ganyen darbejiya a ethanol, ka haɗa da agar, wato abincin da ake shuka funfuna a kai, ka zuba a faranti, kwana biyar funfuna ba ta yaɗu ba, kana tambaya ko ka rubuta cewa ganyen yana aiki. Toh yarona dakata tukuna, ina farantin da ka sa ethanol zalla babu ganye? In babu shi wallahi ba ka gano komai ba, don ethanol shi kansa yana hana funfuna girma, ta yiwu shi ya yi aikin ganye ya kwashe suna.

Sake shi daga farko. Ganyen a inuwa za ka shanya ba a rana ba, ka niƙa, ka jiƙa kamar kwana biyu zuwa uku kana girgizawa, ka tace da takardar Whatman lamba 1, sannan ka bar ethanol ɗin ya tashi gaba ɗaya sai abu mai kauri ya rage, shi za ka auna a sikeli ka san miligiram nawa ke shiga kowane mililita, in ba haka ba gobe wani ya tambaye ka ƙarfin abin da ka zuba ba ka da amsa. Ka narkar da shi da DMSO (wani ruwan narkar da sinadarai) ɗan kaɗan, kar ya wuce kashi 1 cikin 100 a cikin agar.

Agar ɗin, wato PDA (Potato Dextrose Agar), giram 39 a lita ɗaya ta ruwa, ka sa a otokilef (tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi) a digiri 121 minti 15. Amma fa ruwan ganyen kar ka sa shi a otokilef, zafi na lalata wasu sinadaran, tace shi za ka yi da mataci mai ƙofar maikiromita 0.22, kuma sai agar ya huce zuwa wajen digiri 45 kafin ka zuba. Daga nan ka yanko funfunar milimita 5 daga gefen wadda ta yi kwana biyar zuwa bakwai, don a gefen take girma, ka kifa a tsakiyar faranti ka ajiye a digiri 25 zuwa 28.

Faranti iri uku nake so in gani ban da na ganyen, na agar zalla, na DMSO zalla, da na maganin da aka san yana aiki, kowanne guda uku uku. In funfunar Aspergillus kake gwadawa kar ka ɗauko fluconazole, ba ya kama shi, yara da yawa nan suke ɓata aikinsu, nemi itraconazole ko voriconazole.

Awo kuma ta bayan faranti da rula, tsaye da kwance ka ɗau matsakaici. Misali faɗin funfunar a kwanturol, wato farantin da babu ganye ko magani, milimita 80 naka 30, bambanci 50, raba da 80 sau 100, ya hana kashi 62.5 kenan. Hanawa fa na ce, in kana so ka san ko ya kashe ne sai ka ɗauke yankan ka mai da shi sabon agar, in ya farfaɗo to danne shi kawai ya yi.

Kuma don Allah ka daina buɗe faranti kana shinshinawa, ƙurar Aspergillus na shiga huhu, nau'in Aspergillus flavus ma shi ke yin gubar aflatoxin. Ka sa takunkumi, in ka gama duk farantan su bi ta otokilef kafin bola.