Murfin ƙarfen kan fanel ba ado bane

Ka tambaye ni wai me yasa nake matsa muku sai kun mayar da murfin ƙarfen nan na kan fanel, wato allon da kayan cikin waya suke manne a kai, bayan an gama aiki, tunda ko babu shi waya tana tashi, sannan wai da gaske ne sabis ɗin waya yana cutar da mutum. Toh yarona, amsar duk ɗaya ce.

Waya ai rediyo ce, tana karɓa tana turawa. Kafin kamfani ya fito da ita sai an auna yawan ƙarfin da jikin mutum yake sha daga eriyarta, shi ake cewa SAR. A Amurka hukumar FCC ta sa iyaka wat 1.6 a kowane kilo, a Turai 2 ne ga kai da gangar jiki, mu nan Najeriya kuma hukumar sadarwa ta NCC ce take tantance samfurin waya kafin a saida shi. Danna *#07# a yawancin Android zaka ga bayanin. Kuma ba wasa ake ba, a Satumbar 2023 Faransa ta tsayar da saida iPhone 12 saboda awon riƙo a hannu ya kai 5.74 alhali iyakar 4 ce, sai da Apple suka turo sabuntawa ta rage ƙarfin.

Maganar cuta kuwa, wannan ba irin hasken hoton ƙashi na asibiti bane, abin da aka tabbatar yana yi shine ɗan ɗumama nama. A 2011 sashen binciken cutar kansa na hukumar lafiya ta duniya WHO ya sa sabis ɗin waya a rukunin 2B, wato mai yiwuwa ya jawo cutar amma ba a tabbatar ba. Don haka kar ka tsorata kwastoma, kar kuma ka rantse masa.

Inda abin ya shafe mu shine wancan awon da waya cikakkiya akayi shi, da murfinta da eriyarta da siririyar wayar nan da take haɗa fanel da ɓangaren ƙasan wayar. Kai kuma ka sa bulowa mai hura iska mai zafi ka ɗaga murfi ka canza aisi, wato ɗan ƙwayar lantarkin da yake manne a fanel, ka wurgar da murfin cikin durowa saboda sauri, toh hayaniyar firosesa da ta ɓangaren wuta sai ta dinga shiga ɓangaren sabis, wifi ya raunana, GPS ya dinga kwana. In kuma ka bar eriya bata zauna daidai ba, dogon ƙarfen kamfani baya jin wayar sosai sai ya umarce ta ta ƙara ƙarfi, kamar mai kiran mutum daga nesa dole ya ɗaga murya, batir ya dinga zuba, waya ta dinga zafi a kunnen bawan Allah, kuma lambar SAR ɗin da kamfani ya rubuta ta daina aiki a kanta. Wallahi wayoyi da yawa da ake kawo mana nan kasuwar waya ta Farm Centre da kukan ba sabis, kana buɗewa zaka ga aikin wani ne ya bar fanel tsirara. Mutum ya biya kuɗinsa, baya ganin ciki, amana ce ya baka.

Sitikar nan da ake cewa tana tare cuta, bana saidawa a rumfata, in ta rufe eriya ma ƙara wa waya wahala take. Wanda ya damu ka ce ya sa iyafis ko sifika, ya rage doguwar hira inda sabis yake sanda ɗaya. Dirr-dirr ɗin da kake ji a lasifikar masallaci in kira zai shigo, 2G ne yake shiga amfilifaya, nesanta wayar shine maganin. Mai na'urar bugun zuciya kuma ya bar aƙalla santimita 15 tsakaninta da waya, kar ya sa a aljihun gaba.

Wayar Hajiyar nan da ka buɗe da safe, ɗauko murfinta ka jona ko'ina, ka danna siririyar wayar eriya har kaji ta zauna, sannan ka gwada kira a layi biyun kafin ka rufe baya.