Wace wuƙa zan riƙe don kare kaina a Jidda?

Ɗan'uwa, ka ce kana tashi daga aiki ƙarfe 2 na dare, kana neman wuƙar da za ka riƙa sawa a aljihu. Wallahi kar ka fara. Nan ba gida ba ne. In 'yan sanda suka tare ka suna duba iƙama (katin izinin zama a Saudiyya), hannu ya taɓo ƙarfe a ƙugunka, mai tsoron ɓarawo ya koma abin tuhuma, ƙarshenta ma a wuce da kai Shumaisi, inda ake tsare baƙin da za a mayar ƙasarsu. Kuma wuƙa a hannun wanda bai saba ba, sau da yawa ƙwace ta ake yi.

Ni dai mu uku muke haɗa kuɗin mota, a sauke mu bakin ƙofa. Ka daina ratsa lungu da waya a hannu tana haske. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, kira 911.