Tambaya da Amsa: Yadda Hannun Ɗan Adam Ke Kai wa Tafkunan Ƙanƙara

Wata ɗalibar kimiyyar sinadarai daga Zariya ta tambaya: tafkunan yankin Aktik da Antatika, wato ƙarshen arewa da ƙarshen kudancin duniya, ba kowa ke zaune kusa da su ba, to ta yaya ake cewa mutane sun ɓata ruwansu?

Malama, raunin waɗannan tafkuna daga yanayin ruwansu yake. Da yawansu a kan dutse mai tauri suke, ruwansu ba shi da gishirin da zai kashe tsami. Kin san yadda 'yar kanwa ke karya tsamin yakuwa a miya. To tafkin da ke kan farar ƙasa yana da kanwarsa, na kan dutse kuwa ba shi da ita. Sannan ƙanƙara mai kaurin kusan mita 2 tana rufe shi wata 9 ko 10 a shekara, iskar oksijin ba ta shiga sai an yi narkewa. Abin da ya faɗa ciki, ya zauna ke nan.

Tafkin Meretta da ke Resolute a arewacin Kanada shi ne misalin da aka fi nazari. Daga 1949 zuwa 1998 ruwan masai na sansanin filin jirgin sama yana gangarawa cikinsa. Fosforas, sinadarin da ke zama taki ga tsirran ruwa, ya ƙaru, gansakuka ta yi yawa, idan ta mutu ta nutse sai ƙwayoyin bakteriya su cinye oksijin wajen ruɓar da ita, har ya yi ƙaranci sosai a ƙarƙashin ƙanƙara. Tafkin Char da ke maƙwabtaka, wanda ƙazantar ba ta kai masa ba, ya zauna garau. Bayan an toshe magudanar a 1998 Meretta ya soma farfaɗowa. A ganinmu wannan ita ce ɓarna mai sauƙin magani, domin an san bakin bututun.

Mai wuya ita ce ta hayaƙi. Masana'antun narka nikel da jan ƙarfe na Norilsk da zirin Kola a Rasha sun daɗe suna fitar da hayaƙin farar wuta, wanda ke saukowa da tsami da ƙurar ƙarfe, na Kola har kan ƙananan tafkunan kan iyakar Norwe. An rufe masana'antar garin Nikel, da ke kusa da wannan iyaka, a Disamban 2020.

Wani malamin sakandare daga Gusau ya ce: an ce har zaiba ana samu a kifin can. Daga ina?

Malam, a iska take zuwa. Tururin zaiba yana iya yin wata 6 zuwa shekara a sama kafin ya sauka. Manyan hanyoyin fitarta su ne ƙona kwal da kuma ƙananan masu haƙar zinare da ke ƙona curin zaiba don fitar da zinaren, aikin da ake yi a nahiyoyi da dama, har da Zamfara. A 1995, a tashar Alert da ke arewacin Kanada, aka gano cewa idan rana ta dawo bayan duhun hunturu, sinadarin buromin daga teku yana juya zaibar ta sauko kan ƙanƙara. A lakar ƙasan tafki, inda oksijin ya yi ƙaranci, bakteriya ke mayar da ita nau'in da ke taruwa a tsokar kifi, babban kifi ya fi ƙarami ɗauka.

Tsuntsaye ma 'yan dako ne. A Cape Vera da ke tsibirin Devon na Kanada, binciken 2005 ya nuna lakar kududdufan da ke ƙarƙashin sheƙar tsuntsayen teku ta ninka ta nesa sau 25 a zaiba, sau 60 a maganin ƙwari na DDT, duk ta hanyar kashinsu.

Ɗalibar ta ƙara da cewa: yaya ake ɗibar ruwan a gwada?

A huda ƙanƙara da mahudin hannu ko na batir. Na fetur yana bar maiƙo a ramin. Kada a ɗebi ruwan saman rami, musamman lokacin narkewa, domin narkakkiyar ƙanƙara ce mai sirki, a zura kwalba ƙasa. Ma'aunin pH, wato tsamin ruwa, da oksijin da yawan gishiri a wurin ake yinsu, tun ruwan bai ɗumama ba. Ruwan gwajin ƙarfe a tace shi da mataci mai ido mikron 0.45, a ɗiga asid ɗin naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, don kada ƙarfen ya manne a jikin kwalba. Na zaiba kuwa kwalbar gilashi ko robar Teflon ake so, kuma mutum biyu ke aikin: ɗaya da safar hannu ba ya taɓa komai sai kwalba, ɗayan ya riƙe sauran kaya.

Abin da ya fi ɓata aiki shi ne barin kwalba ta daskare a hanya. Ƙanƙara tana korar gishiri gefe, alli ya kwanta, sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya, wani lokaci ma gilashin ya fashe. A ajiye kwalaben a akwati mai rufi a wajen digiri 4, a kuma haɗa da kwalba ɗaya ta tsarkakakken ruwa da aka buɗe a wurin, domin a gane ko ƙazantar daga hannun ma'aikata ta fito.